Layin Alli a Shagon Baba Tela

Masu shiga shagon Baba Tela sama suke kallo. Idonsu na kan rigunan da ke rataye a igiya, kowa na neman tasa, ko kuma kan kantar zare da ta cinye bango ɗaya tun daga ƙasa har kusa da rufi. Da wuya a sami wanda ya sunkuyar da kai ya ga cewa akwai layin farin alli a kan simintin, ya kewaye keken ɗinki da kujerar mai shagon, ya dawo ya haɗe da bango. Ba tsohon zane ba ne da aka manta ba a goge ba. Kullum sabo ne, da safe ake jan sa, da allin da ake zana yadi. Da can ba a nan yake ba. A wancan lungun yake, kusa da taga.

Baba Tela ya haura shekara arba'in yana taka keke. Aji uku ya yi a makaranta aka cire shi aka kai shi koyon ɗinki, kuma abin da ya fi tunawa da makarantar shi ne benci mai tauri da malamin da ba ya son jin ko tari. A wurin maigidansa ma haka aka koya masa: yaro ya zauna, ya naɗe hannu, ya zuba wa yatsun babba ido har idon ya koya. Shekara guda ya yi yana ɗinka maɓalli kawai kafin a bar shi ya taɓa almakashi. Da wannan keken ya raini 'ya'ya huɗu. Mutum ne mai auna yadi sau biyu kafin ya yanka, kuma ba ya zubar da maɓalli ko da gefensa ya gutsure. Akwai wani babban gwangwanin madara a ƙarƙashin teburinsa da ya cika da su, na riguna da yawa da masu su ma sun manta sun taɓa sawa. Tabaransa hannu ɗaya ya karye, ya ɗaure shi da baƙin zare. 'Ya'yansa sun saya masa sabo, ya ajiye a aljihun tebur, wai sai wannan ya mutu tukuna.

Ƙaramar 'yarsa, wadda har yau yake kira Auta ko da yake ta zama nas mai sa wa mutane allura, tana da ɗiya 'yar shekara biyar. A gida Rediyo ake ce wa yarinyar, don tun da ta buɗe ido da safe take watsa shirye-shirye har barci ya ɗauke ta a tsakiyar magana. Kakanta ne kaɗai ba ya kiran ta haka. Shi Uwar ɗakina yake ce mata, ita kuma ta ce masa Tsoho.

Da ruwan damina ya tsaga bangon makarantar su Rediyo, aka rufe ta zango guda don gyara, aka ce yara su riƙa karatu ta waya, minti arba'in kowace safiya. Auta na asibiti tun ƙarfe bakwai. Mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi mako bai ga ƙofar gidansa ba. Aka duba aka duba, aka kawo Rediyo shago, da tsohuwar wayar uwarta da 'yar jakarta ta goyo.

Baba Tela ya yi murna, amma ya kwana da tunanin abu ɗaya. A cikin wannan shagon, shekara talatin da suka wuce, Auta tana tafiya ba takalmi ta taka allura, allurar ta karye a tafin ƙafarta. Shi ya saɓe ta a kafaɗa da gudu har asibiti, shi ya riƙe ta likita ya tsaga ya ciro. Ita ta manta, tabon kawai ya rage mata. Shi bai manta kukan ba.

Don haka ranar farko, kafin a kawo yarinyar, ya share lungun da ke kusa da taga, ya shimfiɗa 'yar tabarma, ya jingina wayar da wani babban kwarkwaron zare a kan akwati, sannan ya ɗauki alli ya kewaye wurin.

"Uwar ɗakina, kin ga wannan layin?"

"Na gani, Tsoho. Ya karkace."

"Idonki ne ya karkace. Nan ciki makaranta ce. Nan waje allura ce da almakashi da dutsen guga. Ba a tsallakewa. Kuma a makaranta ba a surutu, ba a mutsu-mutsu. A naɗe hannu, a saurari Malama."

"Ko ina jin fitsari?"

"Sai ki ɗaga hannu, in zo in ɗauke ki in tsallakar da ke."

"Kai da gwiwarka ke ƙara kamar ƙofa?"

"Ƙofar nan ta ɗauki uwarki, ke ce za ki gagare ta?"

Maƙwabcinsa mai gyaran waya ne ya shigo ya saita musu komai. Ya sa wa yarinyar iyafis a kunne don kada ƙarar keke ta hana ta jin Malama, ya kuma nuna wa tsohon inda zai danna ya rufe makirfo, don kada cinikin shago ya shiga aji. Baba Tela ya danna, ya koma kan kekensa, hankalinsa kwance.

Rediyo kuwa ta riƙe dokar kakanta fiye da yadda kowa ya zata. Da zarar an fara darasi sai ta tusa hannuwanta biyu ƙarƙashin cinyoyinta ta zauna a kansu, don kada su yi mata gardama. Shi kuma in ya tashi ɗauko zare yakan leƙa fuskar wayar, ya ga ƙananan tagogi, kowace da yaro a ciki. Sai ya ga wannan ya yi tsalle, wancan ya ɓace ya bar kujera, wata ta dawo da murfin tukunya a hannu tana haki. Ya girgiza kai.

"Allah ya shirya," yakan ce wa masu kawo ɗinki. "Malamar nan tana fama da 'ya'yan mutane. Duk ajin tamu ce kaɗai mai natsuwa. Ku dube ta, ko ƙuda ba ta kora."

Mako uku ana haka.

Ranar wata Alhamis da yamma Auta ta zo ɗaukar 'yarta, da kayan aiki a jikinta, fuskarta ba walwala. Ta gaishe da mahaifinta, ta zauna a bencin masu jira, ta ciro waya.

"Baba, saƙo aka turo min daga makaranta. Wai mako uku ke nan yarinyar nan ba ta taɓa amsa tambaya ba, ba ta taɓa yin abin da aka ce a yi ba. Ranar Laraba ta sama Shugabar makaranta za ta shiga ajin ta gwada su ɗaya bayan ɗaya. In ba ta nuna ta iya komai ba, ajin ƙanana za a mayar da ita."

Ƙafar Baba Tela ta tsaya a kan keke.

"Wace yarinyar? Wannan? Sun dai rikita ta da wata."

"Ita dai, Baba." Auta ta juya kan 'yarta. "Ke, a gida kin hana mu jin kunnenmu, a makaranta kuma kin zama gunki? So kike ƙawayenki su wuce su bar ki da masu kuka da majina?"

Rediyo ta dubi kakanta, ta dubi ƙasa, ta yi shiru. Wannan shirun ne ya dame shi, don bai taɓa ganin an tambaye ta abu ta rasa amsa uku ba.

"Bar min ita," ya ce. "Gobe ni ma zan shiga ajin in ji da kunnena."

Washegari ya cire mata iyafis ɗin, ya ajiye ɗinkinsa, ya jawo kujera gefe inda kyamara ba ta kama shi. Muryar Malama ta cika shagon, muryar yarinya ce ƙarama mai fara'a. Ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, suka yi waƙa da tafi. Ko minti huɗu ba a yi ba ta ce:

"To, 'yan ajina, kowa ya miƙe! Ina son abu shuɗi. Kowane irin abu ne, in dai shuɗi ne. A ruga a kawo min kafin in ƙirga goma. Ɗaya! Biyu!"

Tagogin nan duk suka zama wayam, sai kujeru. Taga ɗaya ce kawai ta rage da mutum a ciki. Rediyo na zaune a kan hannuwanta, jikinta ya karkata gaba kamar za ta faɗi, idonta a kan kantar zare, a kan layi na uku inda shuɗi ya jeru kala biyar. Leɓenta na bin ƙirgen Malama. Yatsun ƙafarta sun zo daidai bakin allin, sun lanƙwashe, ba su taɓa shi ba.

"Tara! Goma!"

Yara suka dawo da kofi, da takalmi, da murfin biro, kowa na ɗaga nasa yana ihu. Rediyo ta juyo ta dubi kakanta, ta yi magana ƙasa ƙasa, kamar mai tsoron karya doka ta biyu.

"Tsoho, ga shi can. Na riga su gani."

Baba Tela ya cire tabarau ya goge da gefen rigarsa, ya daɗe yana gogewa. Duk launin da Allah ya yi yana cikin shagon nan, taku uku daga inda take zaune.

Da aka tashi darasi ya sa maƙwabcinsa ya kira masa Malama. Ta gaishe shi da ladabi, ta tambayi aiki, ta tambayi ƙarfin jiki.

"Malama," ya ce, "ni tela ne, ban yi nisa a boko ba. Ki faɗa min, wannan guje-guje da kike sa su, karatun ke nan?"

"Shi ke nan, Baba. Ɗan shekara biyar hankalinsa kamar tsuntsu ne a kan igiya, minti uku huɗu ya tashi. Da a aji muke, zan dafa kafaɗarsa in dawo da shi. Ta waya ba ni da hannu. Shi ya sa nake aron ƙafafunsu da hannuwansu. In yaro ya ruga ya ɗauko abu ya riƙe, ya faɗi sunansa da bakinsa, abin ya zauna. In kallo kawai yake yi, ni da talabijin duk ɗaya ne a wurinsa."

Baba Tela ya dubi layin allin.

"Kuma Baba, jikarku ta iya. Duk launin da na kira, sai in ga idonta ya tafi wuri ɗaya ya tsaya, bakinta na motsi. Tun mako na biyu aka so a mayar da ita baya, na roƙi Shugaba ta ƙara mata kwana. Na ce mata yarinyar nan ta sani, wani abu ne ya riƙe ta."

"Ni ne wani abun, Malama."

Ya ba ta labarin layin, da na allurar Auta. Ba ta yi dariya ba. Ta ce ita ma da nata laifin, don ta ɗauka kowane yaro a ɗakin uwarsa yake, ba ta taɓa tambayar inda wannan ke zama ba. Ta ce allura ba abin wasa ba ce, kada ya saki dokarsa gaba ɗaya, ya dai duba yadda zai yi yarinyar ta sami wurin motsi.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata," ya ce. "Ke daga cikin waya kin ga abin da ni da nake zaune kusa da ita ban gani ba."

Ranar Asabar bai yi ɗinki ba. Ya fito da komai waje, ya share shagon sau biyu. Mai gyaran waya ya ciro masa maganaɗisu daga wata matacciyar lasifika, ya ɗaura masa igiya, tsohon ya riƙa jan sa a ƙasa lungu lungu kamar mai yawo da akuya. Abin da ya manne a jiki ya ba shi tsoro: allura goma sha ɗaya da fil ba adadi, wasu sun yi tsatsa, Allah kaɗai ya san shekarunsu a tsagar siminti. Ya kafa ƙusoshi can sama ya rataye almakasai. Dutsen guga ya koma bayan ƙofa a kan kanta mai tsawo. Ya sauko da zare marasa allura zuwa layin ƙasa, ya cika kwando da ƙyallaye, ya jawo gwangwanin maɓalli fili. Sannan ya jiƙa tsumma ya goge layin da ke kusa da taga, ya ɗauki alli ya kewaye kekensa da kujerarsa.

Ranar Litinin Rediyo ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon ƙasa.

"Tsoho, ina makarantata?"

"Duk shagon ne yanzu. Ni aka kulle. Nan ciki kawai allura take, ke ba kya shigowa."

"Kai kuma in kana jin fitsari?"

"Sai in ɗaga hannu."

Ya buɗe makirfo, ya ɗauke ƙafarsa daga keke, ya yi alkawari a ransa ba zai taka shi ba sai an tashi. Amma da Malama ta ce a kawo abu ja, yarinyar ba ta motsa ba. Mako uku na zama a kan hannu ba ya fita a safiya ɗaya. Malama ta kai huɗu, ta kai biyar. Baba Tela ya ga ba sarki sai Allah, ya dafa tebur ya miƙe, gwiwarsa ta yi ƙararta.

"To, ni dai na tafi. In na riga ki, ni za a ba maki, ke a kai ki ajin masu majina."

"Wallahi ba ka isa ba!"

Ta wuce shi kamar iska, ta fizgo jan ƙyalle daga kwando, ta dawo ta manna shi a fuskar wayar har ba a ganin ta. Shi kuma ya iso a makare, yana haki, riƙe da jan zare, kansa da tabaransa mai ɗaurin zare suka cika tagar. Ajin ya kaure da ihu.

"Malama, kakan wa ne?"

"Malama, ya makara, an riga an ce goma!"

"Nawa ne," in ji Rediyo, da ƙarfi, karo na farko da ajin ya ji muryarta. "Ku yi haƙuri da shi, gwiwarsa ce."

Daga ranar, ƙarfe tara zuwa goma saura ashirin, keke ba ya motsi a shagon Baba Tela. Wani mutum ya zo karɓar wandonsa yana sauri, aka nuna masa benci.

"Baba, minti biyu ne fa aikin nan."

"Muna aji. Zauna. Kai, tsaya ma, hular nan taka rawaya ce? Uwar ɗakina, ga rawaya ta kawo kanta."

Mutumin ya tafi da wandonsa bayan rabin awa, yana dariya, bayan an ɗaga hularsa a gaban yara goma sha biyar. In Malama ta ce a ƙirga, gwangwanin maɓalli ne ke zubewa a tabarma. In ta ce dogo da gajere, tef ɗin awo ne ke fita daga wuyan tsohon. Wata rana aka auna hancinsa aka sanar wa aji. Ba kullum abin ke tafiya daidai ba. Akwai safiyar da ta zubar da gwangwanin gaba ɗaya ta shagala da tsince-tsince har darasi ya wuce ta, akwai wadda ta yi fushi don wani yaro ya riga ta, ta juya wa wayar baya. Shi dai ya koyi abu ɗaya daga Malama: in ya ga idonta ya fara yawo, ba ya tsawa, sai ya miƙa mata wani abu ta riƙe.

Ranar Laraba ta sama ta zo. Auta ta nemi canjin aiki ta zauna a benci, hannunta a haɓa. Shugabar makaranta ta bayyana a tagarta, mace mai tabarau da ba ta ɓata dariya. Da aka zo kan Rediyo ta ce a kawo mata abu bakwai. Yarinyar ta ƙirgo maɓalli bakwai a tafin hannu, ta ƙara da bayanin da ba a tambaye ta ba, cewa huɗu masu ido biyu ne, uku masu ido huɗu, ɗaya daga ciki kuma na rigar wani mai tumbi ne da ya ɓalle don ya ƙi yarda a ƙara masa awo.

Baba Tela ya rufe fuska da hannu a cikin layinsa.

"To," in ji Shugaba, "kawo min abu ja."

"Wane jan? Akwai ja sosai, akwai ruwan hanta, akwai wanda Tsoho ya ce ja ne amma ruwan goro ne, tabaransa ne suka tsufa."

Aka ji Malama ta ƙyalƙyale da dariya a tata tagar kafin ta kama bakinta. Shugaba ta sauke tabarau ta dubi yarinyar ta samansu.

"Malama, wannan ce kika ce min ba ta magana?"

"Ita ce, ranki ya daɗe."

"To a bar ta a ajinta. Allah ya ba ki haƙurin sauraro."

Da aka kashe waya, Auta ta taso daga benci. Ta durƙusa a bakin layin alli, ba ta tsallaka ba, ta ce, "Baba, mun gode." Ya ce ba shi za a yi wa godiya ba, shi da ya kusa ɓata aikin, a kira yarinyar nan Malama a gode mata. A makon ya haɗa ƙyallaye masu kyau ya ɗinka jaka mai aljihu goma, kowane aljihu da launinsa, ya ba Auta ta kai mata. Bai taɓa ganin Malamar ido da ido ba har yau, amma in ana hira a shago aka zo kan masu aiki da gaskiya, ita yake fara kawowa.

An gyara bangon makaranta, yara sun koma aji. Rediyo ba ta zuwa da safe yanzu, sai ranar Asabar, ta zo ta ba shi labarin mako guda a zama ɗaya. Almakasai na nan a ƙusoshinsu na sama, ko da yake sai ya yi miƙa kafin ya kai gare su.

Yau Talata ce, Rediyo ba za ta zo ba. Baba Tela ya buɗe shago, ya ja maganaɗisunsa lungu lungu, ya cire fil biyu da suka manne ya soka su a gaban rigarsa. Ya sunkuya a hankali ya sabunta layin inda ƙafarsa ta goge jiya. A gindin keke ya tsinci wani ƙaramin maɓalli mai ido huɗu, ya hure masa ƙura, ya jefa shi a gwangwani.